Akwatin Baffa da farin jirgin Ikko

Bayan an gama rabon gadon Baffa, abu ɗaya ya rage wanda babu mai ko kallonsa: wani tsohon akwatin ƙarfe baƙi da ke lungun ɗakinsa. Kusurwoyinsa sun yi tsatsa, murfin kuma ba ya rufuwa sai mutum ya hau ya danna da gwiwa. Riguna sun samu masu so, littattafai an kai masallacin unguwa, rediyonsa kuwa har sai da aka ɗan yi ja-in-ja a kanta. Hajiya, uwargidansa, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, tun da kai ne mai son tarkacen tsofaffi, ɗauke wannan ya ba mu wuri." Na ɗaure shi a bayan babur na kawo gida, ya yi shekaru a ƙarƙashin gadona ina zuba tsofaffin takardu a ciki.

A gefensa akwai wata takarda da aka manna, ta koɗe har ta koma kalar ƙasa. In ka haska fitila za ka iya karanta Elder Dempster Lines, ƙasa da shi sunan Baffa da alƙalami, sai kuma kalma ɗaya, Aureol, sunan jirgin ruwan da ya kai shi Ingila. Shi "Oriyal" yake cewa. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san Oriyal kamar wani ɗan uwa da ya tafi ci-rani bai dawo ba. A kawo wa Baffa shayi bai yi zafi ba, sai ya ce a Oriyal ba a taɓa yi masa haka ba. Yaro ya yi zanin gado a karkace, sai ya ce da a Oriyal ne da tuni an sallame shi. Mu dai dariya muke yi a ɓoye.

Baffa yayan mahaifina ne, malamin makaranta. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi Ingila ƙaro ilimin koyarwa, lokacin da ake ta rige-rigen samar da 'yan Arewa da za su gaji kujerun da Turawa ke bari. Kafin nan ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne Kogin Kwara, shi ma ta tagar jirgin ƙasa ya hango shi a gadar Jebba, a wannan tafiyar. Daga Kano zuwa Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Ilori, Badun, Abeokuta, har Iddo. Bai taɓa cewa Legas ba har ya koma ga Allah, Ikko yake cewa. Ya ce da aka kai su Apapa ya ɗaga kai ya ga abin da zai shiga, sai ya ji salati ya kuɓuce masa, har wani Bayarabe ɗan dako ya juyo yana masa dariya.

Na daɗe ina ɗauka Baffa yana ƙara gishiri. Yakan ce tsawon jirgin ya kai filin ƙwallo ɗaya da rabi. Da na girma na bi diddigi sai na tarar tsohon bai ƙara ko taku ɗaya ba: tsawonsa ƙafa 537 ne, wajen mita 164, faɗinsa ƙafa 70, a ma'aunin girman jiragen ruwa kuma tan 14,083. Kamfanin Alexander Stephen and Sons ne ya ƙera shi a bakin kogin Clyde da ke Glasgow, aka tura shi ruwa a watan Maris na 1951, ya yi tafiyarsa ta farko daga Liverpool zuwa Legas a watan Nuwamba na shekarar. Sunan kuwa na wani tsauni ne da ke kallon Freetown a Saliyo. Fari fat aka yi masa fenti, da bututun hayaƙi guda ɗaya ruwan ɗorawa. Injinan dizal biyu ke tura shi, gudunsa bai wuce kilomita 30 a awa ba. Wato ɗan adaidaita-sahu mai jin kansa zai wuce shi a titin Zoo. To amma shi ba ya tsayawa shan mai ko ɗaukar fasinja a kowace kwana, dare da rana yana tafe, ga hanyar ta fi mil 4,000.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wani giɓi da na lura da shi a yadda muke ba da tarihinmu. Kowane ɗan firamare a Kano ya san dalar gyaɗa. Ya san jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya san gyaɗa da auduga da ƙiraga sun bi shi zuwa kudu. Daga nan sai labarin ya tsaya cak, kamar a Iddo duniya ta ƙare. Alhali buhun nan da aka sauko da shi daga saman dala, cikin cikin jirgin ruwa ya ƙarasa, kuma sau da yawa jirgin na Elder Dempster ne. Kamfanin ya samo asali a 1868 daga wasu mutum biyu, Alexander Elder da John Dempster, amma wanda ya mayar da shi dodo shi ne Alfred Jones, da ya karɓi ragamarsa a 1884. Mutumin bai tsaya kan jirage ba. Shi ne ya assasa Bank of British West Africa a 1894, bankin da ya rikiɗe ya zama First Bank na yau. Jirgi nasa, banki nasa, har kuɗin azurfar da ake kashewa a bakin teku ta hannunsa suke shigowa. Ko fatakenmu na goro ba su tsira daga harkar ruwa ba. Alhassan Ɗantata yana cikin na farkon da suka bar doguwar hanyar Gwanja ta ƙasa, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Har zamanin Baffa, jiragen wannan layi suna ɗaukar talakawa masu gajeriyar tafiya tsakanin tashoshin bakin teku, waɗanda ba su da ɗaki, a fili suke shimfiɗa tabarmi da ƙunshin kayansu.

Dalilin da ya sa aka ƙera Aureol kuwa yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun kusa share manyan jiragen fasinjan kamfanin gaba ɗaya. Jiragen Accra da Apapa na wancan lokaci sun nutse a 1940, Adda a 1941. Mafi muni shi ne Abosso, wanda jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbe a watan Oktoba na 1942. Cikin mutum 393 da ke ciki, 31 kacal suka tsira. Da yaƙi ya lafa sai aka sake gini: sabon Accra a 1947, sabon Apapa a 1948, sai Aureol ya zo auta, ya kuma fi su girma da kyau. Su ukun suka riƙa karɓa-karɓa, duk mako biyu ɗaya yana tashi daga Liverpool ɗauke da fasinja da wasiƙu. Ranar isowar jirgin wasiƙu rana ce babba a Ikko, har jirgin ƙasa ake tanada da zai kwashi waɗanda suka sauka ya yi Arewa da su.

Dubi rabon ɗakunan ka ga wanda aka gina wa jirgin. Aji na ɗaya yana ɗaukar sama da mutum 250, aji na biyu 76. A jirgin da aka yi don jama'a, akasin haka za ka gani. Wannan an yi shi ne don Razdan da Di'o da Joji masu tafiya hutu, da manajojin kantunan UAC da John Holt, da 'yan mishan, da matansu da 'ya'yansu. An ƙera shi don hidimar mulkin mallaka shekara tara kacal kafin mulkin ya nannaɗe tabarmarsa a Najeriya, shekara shida kafin Gana ta samu 'yanci. Shi ya sa a rabin rayuwarsa na biyu fuskokin da ke kan teburin cin abinci suka sauya, ɗalibai da 'yan kasuwa da sababbin manyan ma'aikata baƙar fata suka yawaita. Baffa a aji na biyu yake, su huɗu a ɗaki, gado bisa gado. Shi kaɗai ne ɗan Arewa a ɗakin.

Labarin tafiyar nan na ji shi ya fi a ƙirga, amma akwai wuraren da ba na gajiya da su. Na farko abinci. Goggo, kakarmu, ta cika masa gwangwani da dambun nama, ta naɗe kilishi a takarda, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, don ta ji an ce Nasara ba sa cin komai sai alade. Kwana biyun farko a kansu ya rayu, yana tsoron taɓa duk abin da aka ajiye masa. Sai wani ma'aikacin ɗakin cin abinci, Musulmi ɗan Ikko, ya lura da shi. Ya sunkuyo ya ce masa da gurguwar Hausa, "Malam, wannan kifi ne, ci." Daga ranar duk abin da bai halatta ba sai ya ɗan girgiza masa kai tun daga nesa. Baffa ya ce bai taɓa sanin sunansa ba, amma har ya tsufa yana sa shi a addu'a. Cokula da wuƙaƙen da aka jera masa kuwa, ya ce ya zuba wa wani Bagane da ke gefensa ido, duk wanda ya ɗauka shi ma ya ɗauka, har ranar da ya gano shi ma Baganen wani yake kwaikwayo.

Na biyu salla, kuma nan ne Baffa yake zama malami sosai in yana ba da labari. Kafin ya taso ya je wurin malaminsu na zaure ya tambayi hukuncin alwala da ruwan gishiri, malam ya karanto masa hadisin nan da ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ashe ba a nan gizo yake saƙar ba, don ruwan daɗi yana zuba a famfo. Matsalar alƙibla ce. A Kano mutum ya san gabas tun yana goye. A teku kuwa masallacinka da kansa yake juyawa. Daga Ikko jirgin yamma ya nufa, alƙibla tana bayansa. Da aka wuce Freetown ya karkata arewa, sai ta dawo hannun dama. Kullum ana ƙara yin arewa tana ƙara zamewa, har a Ingila ta koma kudu maso gabas. Wani matashin hafsan jirgi Bature ya ga yana ta leƙen rana, ya tambaye shi, daga nan kullum da safe sai ya nuna masa da hannu. Baffa ya ce ranar da ya fahimci alƙibla ba gabas ba ce, Makka ce, kuma inda kake tsaye shi ke faɗa maka inda za ka fuskanta, ya ji duk darasin labarin ƙasa da ya yi shekaru yana koyar da yara a allo sai a ranar ya shiga kansa.

Tashoshin ya bi su da sauri, ni ma haka zan yi. Gana, inda ya ji Hausa a bakin kwata har ya yi mamaki. Freetown, inda yara ke zuwa a ƙananan kwale-kwale suna nutso suna cafko kwabon da fasinjoji ke jefawa, abin da ya ce bai ba shi dariya ba ko kaɗan. A nan ne ya ga tsaunin da jirgin ya ci sunansa. Sai Las Palmas a tsibiran Kanari, inda ya fara taka ƙasar Turawa ya sayi wa Goggo mayafi. Bayan nan iska ta sauya. Ma'aikatan jirgi suka tuɓe fararen kaya suka sa masu duhu, shi ma ya ciro kwat ɗin da aka ɗinka masa a Sabon Gari, wadda ya gane daga baya ba ta tare komai.

Sai mashigin Biscay, tsakanin Faransa da Sifaniya. Duk wanda ya bi hanyar nan yana da labarinsa. Baffa ya ce kwana biyu bai san inda kansa yake ba, jiri da amai, faranti na gudu a kan tebur, ƙofofi na bugawa, akwatin nan da ke ƙarƙashin gadona yana zamewa daga bango zuwa bango. Ya karanta duk abin da ya haddace. Ya ce a zaune ya yi salla, ya kuma yi wa Allah alkawarin in ya taka ƙasa ba zai sake hawa ruwa ba. Da muka tambaye shi to me ya sa yake yabon jirgin haka, sai ya ce, "Kai yaro, laifin teku ne, ba na Oriyal ba."

Sun shiga kogin Mersey da safe cikin hazo, kusan mako biyu da barin Apapa. Yau ka ce Liverpool a majalisar matasa, ƙwallo za a ɗauko maka. A wurin su Baffa kuwa ƙofar Turai ce, gari mai baƙaƙen gine-gine da hayaƙin gawayi ya rine. Ya tarar da baƙaƙen fata da suka daɗe a can, 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya da Saliyo da 'yan Najeriya, yawancinsu jiragen kamfanin nan ne suka kawo su ko suka kawo iyayensu. Kuma kada zaƙin labarin Baffa ya sa a ɗauka kowa daɗi ya ji. Masu wanke faranti da goge daɓe da aikin ɗakin inji suna da nasu labarin daban. Shekara huɗu kafin tafiyarsa, a 1959, ma'aikata 'yan Najeriya na jirgin Apapa sun yi yajin aiki a Liverpool ɗin nan, suna kukan wariyar launin fata daga shugabanninsu Turawa, har sai da gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, Nigerian National Shipping Line, wanda ya sa wa wasu jiragensa sunaye irin su Dan Fodio da El Kanemi, daga baya har da Ahmadu Bello. Jirgi mai sunan Shehu yana yawo a tekun duniya, mu kuma a Arewa da wuya ka samu wanda ya taɓa jin labarin. An rushe kamfanin a 1995.

Baffa ya cika alkawarin da ya yi a Biscay ba tare da ya wahala ba. Da ya gama karatu a 1965, jirgin sama aka sa shi, ya kwana ɗaya a hanya ya sauka a Kano, ko Ikko bai leƙa ba. Akwatin ne kawai ya biyo ruwa, ya iso bayan wata biyu. A wannan ɗan labarin kaɗai ka ga abin da ya kashe Aureol. Tun a watan Afrilu na 1964 kamfanin jiragen saman Birtaniya, BOAC, ya sa sabon jirginsa VC10 a hanyar Landan zuwa Legas. Ga ɗan Arewa kuwa lissafin ya fi sauƙi, tun da filin jirgin sama na Kano yana bakin ƙofarsa. Wa zai yi kwanaki a jirgin ƙasa, ya ƙara mako biyu a ruwa? An ce sannu ba ta hana zuwa, amma gwamnati mai biyan kuɗin tikiti da albashin kwanakin tafiya ba ta san wannan karin maganar ba. Ga Turawan da aka gina jirgin dominsu sun tattara sun koma gida, ga yaƙin basasa ya ɓarke a 1967.

Aka sayar da Accra a 1967 aka farfasa shi. Apapa ya bi a 1968, wani kamfanin Hong Kong ya saye shi. Aureol ya rage shi kaɗai, aka rushe bambancin aji aka mayar da shi aji ɗaya, yana zuwa yana dawowa duk mako shida. A 1972 aka ɗauke shi daga Liverpool aka mayar da tasharsa Southampton. Tsadar man da ta biyo bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 ta ƙarasa abin da ya saura. A watan Oktoba na 1974 ya sauke fasinjojinsa na ƙarshe, shekara 23 da fara aiki, hanyar jirgin wasiƙu tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma ta rufe ke nan.

A nan labarin Baffa yake ƙarewa kullum. Ya ji a rediyo an daina, sai ya ɗauka an yanka jirgin an sayar da ƙarfen, kamar yadda aka yi wa Accra. "An yanka Oriyal," haka yake cewa, da irin muryar da ake faɗin rasuwa. A kan haka ya rasu a 2009.

Sai bara, ina neman hoton jirgin a intanet don in nuna wa 'ya'yana, na ci karo da ragowar labarin, na yi zaune na kasa tashi. Ba a yanka shi a 1974 ba. Wani attajirin Girka mai harkar mai da gine-gine, John Latsis, shi ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Marianna VI, ya kai shi Jidda a 1975 ya ɗaure a tashar ruwa, ya zama masaukin ma'aikatansa da ke aiki a Saudiyya. Jidda dai da muka sani. Baffa ya yi aikin hajji a 1977. Ya sha ba mu labarin kwanakin da suka yi a Jidda suna jiran jirgin dawowa, zafi da cunkoso da sayen tsaraba, har ya ce sun je bakin Bahar Maliya sun sha iska. Oriyal ɗinsa yana garin, da wani suna a goshi, shi kuma yana ta yi masa ta'aziyya shekara uku.

Bayan an kai shi Girka an yi masa gyara a 1979, sai aka mayar da shi Rabig a 1980, arewa da Jidda, kusa da Juhfa, miƙatin da muka karanta a littattafan fiƙihu cewa nan mutanen Sham da Masar da Magrib ke ɗaukar harami. Ya yi kusan shekara tara a can. A 1989, shekarar da aka sayar da shi kansa Elder Dempster ga wani kamfanin Faransa, aka janye shi zuwa Eleusis kusa da Atina aka ajiye, ya yi shekara goma sha biyu yana tsatsa a tsaye. Sai a 2001 aka kai shi Alang da ke gaɓar Gujarat a Indiya, inda ake tura tsofaffin jirage kan yashi ma'aikata su bi su da wutar walda gunduwa-gunduwa. Shekararsa 50 cif. Zamansa a matsayin ɗakin kwana da zaman jiran mahauta, in ka haɗa, sun fi shekarun da ya yi yana ɗaukar fasinja.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je gaishe da Hajiya. Ta tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya take ji. Na nuna mata hoton a waya, ta kawo shi dab da ido ta daɗe tana kallo, ta ce ashe da gaske fari ne. Na ba ta labarin Jidda da Rabig tiryan-tiryan. Ta yi shiru, sannan ta kama haɓa.

"Shekara nawa ka ce ya yi a can?"

Na ce wajen goma sha huɗu, Hajiya.

"Ikon Allah. Malam yana nan yana cewa an yanka shi, ashe takari ya zama." Ta miƙo mini wayar. "Akwatin yana nan dai ko? Ka kai wa mai walda ya gyara murfin nan, tun Malam na da rai nake faɗa."